Hayaƙin taba a ɗakin mai goyo: buɗe taga ya isa, kuma me unguwa za ta iya yi?

Wata 'yar'uwa daga Garuwa, a ƙasar Kamaru, ta aiko da tambaya. Ta ce maigidanta yana shan taba sigari a cikin ɗaki, musamman da daddare idan sanyi ya shigo, ga ta da goyon wata takwas da ba ya rabuwa da tari da mura. Ta yi masa magana sau biyu, ya ce ai yana buɗe taga. Da ta ɗauko zancen a wurin adashinsu sai ta tarar akwai wasu mata huɗu da ke fama da irin wannan, ɗaya ma surukinta ne mai shan. Tana so ta sani: buɗe tagar ya isa? Kuma akwai abin da matan unguwa za su yi tare ba tare da an taɓa zaman aure ba?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba yaron lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren yara, kuma irin yaronki na riƙe su a hannuna ba adadi, don haka zan amsa miki ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Buɗe taga bai isa ba. Fanka ma ba ta isa ba, ita kam sai dai ta raba hayaƙin ko'ina cikin ɗakin. Mafi yawan hayaƙin da ke cika ɗaki yana tashi ne daga bakin karan tabar da ke ci da wuta, wanda bai bi ta cikin audugar da ke gindin karan ba, sai kuma wanda mai shan ya furzar. A cikin hayaƙin nan akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Abin da ido yake gani yana murɗawa sama kaɗan ne daga ciki. Sauran ƙananan ƙura ce da ido ba ya iya gani, tana rataye a iska na tsawon awanni bayan an kashe tabar, sannan ta sauka a kan labule da katifa da gidan sauro da zanin goyo. Shi ya sa za ki wanke kayan yaro, ki shanya, ki ninke a ɗakin, kwana biyu ki ɗauko ki ji suna warin taba. Warin nan shaida ce cewa abin yana nan. Tun a 2006 babban rahoton hukumomin lafiya na Amurka ya yanke hukunci cewa babu wani gwargwadon hayaƙin taba da za a ce ba ya cutarwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan wannan matsayi. A ƙididdigarta, mutum sama da miliyan 1 ne ke mutuwa duk shekara a duniya saboda hayaƙin tabar da wani ya sha.

Jariri ya fi kowa cutuwa, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa zama ya ƙirga numfashin yaro. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Sabuwar haihuwa yana yin sau 30 zuwa 60. Hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa sirara ne ƙwarai, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya matse su. A cikin waɗannan hanyoyi akwai wasu 'yan gasusuwa masu laushi da Allah ya halitta suna share majina da ƙura zuwa sama, kamar tsintsiya. Hayaƙin taba yana kashe musu ƙarfi. Idan tsintsiyar ta tsaya sai majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, murar da ya kamata ta wuce a kwana biyar ta gangara ƙirji ta zama ciwon haƙarƙari. Daga nan ne ake samun asma mai yawan tashi, da ciwon kunnen da ke zubar da ruwa yana dawowa, har da mutuwar jariri cikin barci ba tare da an ga wata alama ba, wadda hayaƙin taba yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinta. Mai ciki ma idan tana shaƙa, ɗan cikin yakan zo da ƙarancin nauyi. Ke kanki ba ki tsira ba: tun a 1981 wani likita a Japan, Takeshi Hirayama, ya bi diddigin matan aure sama da 90,000 da ba sa shan taba, ya gano waɗanda mazajensu ke sha sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu. Binciken da aka yi bayansa ya nuna zama da mai shan taba yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin 100.

Kin ambaci lokacin sanyi, kuma nan ne zuciyar matsalar a wajenmu. Daga Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya sauko da hazo, ana toshe taga da tsumma ko kwali, a sauke labule, a ja ƙofa, wani gidan har a shigo da kaskon gawayi. Iskar ɗakin ba ta da hanyar fita, ƙurar hunturu kuma ta riga ta jigata ƙirjin yara. A watan Maris da Afirilu, da zafin Garuwa ya kori kowa tsakar gida, abin yakan yi sauƙi da kansa. Saboda haka duk abin da za ku shirya, ku shirya shi kafin sanyi ya kama.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalina.

Kamaru da Chadi duk sun rattaba amincewa da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2006, Chadi ta yi dokarta ta taba a 2010, mu kuma a Kamaru tun 2019 kwalayen taba suna ɗauke da hotunan gargaɗi. Duk wannan alheri ne. Amma yawancin mazanmu kara-kara suke saye a wurin mai tebur ko mai shayi, kwalin ma ba ya zuwa hannunsu balle su ga hoton. Kuma babu dokar gwamnati da za ta shiga ɗakin kwanan mutum da ƙarfe goman dare. Ɗaki sai mutanen gida da mutanen unguwa.

Mace ita kaɗai ba ta iya wannan yaƙin, kuma bai kamata a ɗora mata shi ba. Na sha jin ma'aikatan lafiya, har da ni a da, muna ce wa uwa a wurin awo: "Ki hana shi sha a ɗaki." Da wane bakin? Matar da ko sunan surukinta ba ta faɗa, ita ce za ta ce masa ya tashi ya fita waje da tabarsa? Idan miji ne, magana ta uku ta zama mita, ta huɗu ta zama raini. Abin da na gani yana aiki shi ne a cire maganar daga tsakanin miji da mata, a mayar da ita maganar unguwa, ta yadda mutum zai fita da tabarsa waje don haka aka yarda a yi, kowa ma haka yake yi, babu wanda zai ce matarsa ce ta kore shi.

An gwada wannan a birnin Yogyakarta na Indonesiya, inda galibin maza ke shan taba, aka kuma gwada a jihar Kerala ta Indiya. Da masu aikin suka zauna da matan, sai suka ji abin da ke kika faɗa: ba sa so, amma ba sa iya cewa komai. Da suka zauna da mazan, da yawa suka ce idan dokar unguwa ce gaba ɗaya za su bi. Sai aka tara shugabannin unguwa da ƙungiyoyin mata aka yi alkawari a bainar jama'a: ba a sha a cikin gida, ba a sha a wurin taro, ba a sha kusa da yara da masu ciki. Aka manna takarda a ƙofar kowane gida. Babu wanda aka ce wa ya daina shan taba, kuma a nan dabarar take. Idan kika ce wa mutumin da ya shekara ashirin yana sha ya bari, kin nemi abin da shi kansa ya nema ya kasa, sai ya toshe kunne. Nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma kamun da yake yi wa mutum ba wasa ba ne. Amma idan kika ce ya taka ƙafa ashirin zuwa ƙofar gida, wannan yana iyawa a daren yau.

Akwai wani gwajin kuma da ya kamata ku sani, don kada ku ɗauka wa'azi kaɗai zai gama aikin. A birnin Daka na Bangaladesh an yi aiki da masallatai 45, aka horar da limamai su riƙa kawo maganar hayaƙin taba a gida cikin huɗuba da karatu, aka auna iskar gidaje wajen 1,800 da na'ura. Bayan shekara ɗaya, sakamakon da aka fitar a 2021 bai nuna wani bambancin a-zo-a-gani a iskar gidajen ba. Ni abin da na fahimta daga nan shi ne, mutum yana iya jin huɗuba ya girgiza kai ya ce gaskiya ne, ya koma gida, sanyi ya kaɗa, ya kunna a bakin gado. Liman yana buɗe ƙofar maganar, yana cire mata kunya. Amma sai an sami wanda zai bi gida-gida, ya san wane ne ke sha, ina zai riƙa zama idan ya fita, wa zai tambaye shi bayan mako biyu.

To, ku biyar ɗin nan kun riga kun fara, ko ba ku sani ba. Abin da zan ba ku shawara shi ne kada ku tafi wurin mazajenku a ƙungiyance, don zai zama kamar an kai ƙararsu. Ku nemi dattijuwa ɗaya a cikin adashin, wadda maigidanta ko ɗanta yake da baki a majalisa, ta kai maganar. Ku je cibiyar lafiyar unguwarku ku nemi ma'aikacin da ke zagayen gida-gida lokacin rigakafi da rabon gidan sauro, ko wani daga kwamitin lafiya na unguwa. Waɗannan mutane sun riga sun saba shiga gidaje, babu wanda zai yi mamakin ganinsu. Su ne za su sami mai unguwa da liman. Idan maganar ta fito daga bakin mai unguwa bayan sallar isha'i, a ce yara sun yi yawa a asibiti da ciwon ƙirji, ana roƙon duk mai shan taba ya fitar da ita daga ɗaki don Allah, ba a ambaci sunan kowa ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Liman kuma yana da hujja a hannu wadda kowa ya sani, hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, da wanda ya ce kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ina roƙon malamai su tsaya a nan, kada zaman ya koma gardamar taba haram ce ko makaruhi, don da an shiga wannan masu shan za su zame ɗaya bayan ɗaya, yaran da aka taru dominsu kuma a manta da su.

Zancen mutuncin nan da gaske nake yi, don na taɓa ɓata shi da hannuna, abin yana damuna har yau. Wani magidanci ya kawo 'yarsa cikin dare tana jan numfashi da ƙyar, tsakanin haƙarƙarinta yana lotsawa. Da na sunkuya na ɗauke ta sai na ji warin taba a zanin da aka naɗe ta, na ji shi a rigarsa. Raina ya ɓaci, na faɗa masa magana mai zafi a gaban matarsa da sauran masu jinya. Bai ce uffan ba. Yarinyar ta warke, aka sallame su, amma ranar da na ce a dawo da ita ba a dawo ba. Mutumin da ya saɓo 'yarsa da tsakar dare ya zo da ita asibiti yana sonta, ni kuma na kunyata shi har ya kasa sake haɗa ido da ni. Tun daga ranar nakan ja uba gefe, mu biyu, in sa ya ɗora hannunsa a ƙirjin yaron, in ba shi agogo ya ƙirga numfashin da kansa. Idan ya kai hamsin da wani abu kafin minti ya cika, sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. A nan nake ce masa: Malam, ban ce ka bari ba, wannan tsakaninka da ranka ne, in ka shirya zan taimake ka. Abin da nake roƙo shi ne ka fitar da ita daga inda yaron nan yake kwana. Ban cika samun wanda ya ƙi ba.

Alkawarin da unguwa za ta yi ya zama gajere, wanda kowa zai riƙe a ka. Ba a sha a cikin ɗaki ko da yaran ba sa nan, tunda hayaƙin yana jiransu. Zaure ma ɗaki ne, nan yara ke wucewa, nan almajirai ke kwana. Ba a sha da yaro a cinya ko a kan babur. Baƙo ma dokar ta hau kansa, kuma a nan takardar da aka manna a ƙofa take amfani, don ita ce za ta yi maganar da maigida yake jin nauyin yi wa abokinsa. Ni zan ƙara guda ɗaya da ke ci mini rai: a daina aiken yaro sayo taba, a daina ba shi kara ya je murhu ya kunno. Yaron da ya saba da wannan aiken ya riga ya koyi rabin shan. Shisha da samari ke taruwa suna sha a ɗakin ɗayansu ita ma tana ciki. Ƙamshin 'ya'yan itacen da take yi yana ruɗin mutane, alhali taba ce, ga hayaƙin gawayi a kai.

Sai a yi tunanin inda mutumin zai je, don a nan yawancin ƙoƙarin yake faɗuwa. Idan an ce ya fita amma babu wurin zama, daren farko na sanyi zai dawo ciki. A ajiye masa benci ko tabarma a dakalin ƙofar gida ko ƙarƙashin dalbejiya, nesa da taga, da gwangwanin yashi na kashe guntu don kada mai rarrafe ya tsinta ya kai baki. A rataye masa wata tsohuwar riga mai kauri a bakin ƙofa, ya saka in zai fita, ya cire in ya dawo, ya wanke hannu da baki kafin ya ɗauki yaro. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda tsakar gida ƙarama ce kuma tagogi suna kallon juna, tsakar gidan ba ta zama waje ba, sai an fita ƙofa. A irin wannan gida mai gidan hayar ko dattijon gidan shi ne zai faɗa.

Ita kuwa 'yar'uwarku mai suruki, kada ta yi magana da kanta ko kaɗan. Mijinta ma zai ji nauyi. A nemi abokin tsohon, sa'ansa, wanda suke zama tare bayan la'asar. Kuma a bi ta ƙofar jika. Tsohon da ke kiran jikanyarsa amaryarsa, yana ɓoye mata alewa a aljihu, idan abokinsa ya ce masa hayaƙin nan ne ke hana amaryar taka barci, zai fita da tabarsa ba tare da an sake faɗa ba.

Wani abu da za a jefo muku, gara ku shirya masa: maigida zai ce, to hayaƙin itacen girkinki fa? Yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma idan kuka amsa gaskiyar tasa zai fi saurin amsa taku. Hayaƙin itace a madafa marar mafita yana cutar da huhun uwa da na goyon da ke bayanta. Turaren wuta a rufaffen ɗakin mai jego, da maganin sauron da ake kunnawa ya kwana yana hayaƙi, duk suna ƙara wa ƙirjin jariri nauyi, gara a yi amfani da gidan sauro. Kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe kuwa yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci. Don haka alkawarin ya zama na kowa: mata su sauke goyo su ba wani kafin su hura wuta, a fitar da kasko kafin a kwanta, maza su fitar da taba. Idan kowa ya ba da nasa, babu wanda zai ji an ware shi.

Watan azumi dama ce babba. Mai shan taba yana wuni tun daga asuba har faɗuwar rana bai sha ba, ya ga da idonsa cewa yana iyawa. Sai dai karan farko bayan shan ruwa sau da yawa a tsakiyar iyali ake kunna shi, yara suna kewaye da kwanon kunu. Ko wannan kaɗai aka roƙa a fitar ƙofar gida an ci riba. Ranar 31 ga Mayu kuma, ranar yaƙi da taba ta duniya, ana iya neman ma'aikatan cibiyar lafiya su zo unguwa su yi bayani, a sabunta alkawarin. A tsakani, ku da kuke haɗuwa wurin adashi ku riƙa tambayar juna yadda ake ciki, wanda aka ga ya koma sha a ɗaki a sanar da ma'aikacin zagaye ya sake leƙa shi a hankali. Koma-baya zai faru, musamman daren ruwan sama da daren sanyi mai tsanani, kada ku ɗauke shi a matsayin an fasa.

Ke kuma a ɗakinki, kada ki ɓoye masa taba, kada ki zubar, kada ki ɗauko maganar yana cikin sha ko a gaban mutane. Idan mai zafin zuciya ne, ki bar maganar gaba ɗaya ta zo daga waje. Kafin nan, in ya kunna ki ɗauki yaron ku fita ko ku shiga ɗakin maƙwabciya, ki shanya katifa da bargo a rana, ki ci gaba da ba shi nono, ki cika masa alluran rigakafinsa.

Tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba yana buƙatar a duba shi, don haka ki kai yaron awo cikin makon nan, kuma ki gaya wa ma'aikacin cewa ana shan taba a ɗakin, ba tonon asiri ba ne, yana taimaka masa gane abin da yake gani. In da hali maigidan ya raka ku. A gida kuma, idan yaron yana kwance shiru ba ya kuka, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. A watanninsa, daga wata 2 zuwa 11, sau 50 ko fiye ya yi sauri, bayan ya cika shekara kuma sau 40. Idan kin ga haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.